Ɗaki Ɗaya

Shekara sha tara ina juya faifai a silimar Agege,
ina ɗakin sama, bayan ƙeyar kowa,
haske na fita ta ramin bango kamar igiyar shanya.
Can na san Baturen nan, Osmon Farli.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba,
sai sunansa da ke hawa farin ƙyalle
lokacin da 'yan kallo ke laluben takalmansu.

Littafinsa a Yaba na tsince shi,
ƙarƙashin tamfol, damina ta lashe gefensa,
mai sayarwa ya ce naira biyu, na ba shi ɗaya da rabi.
Bangon baya ya ce ɗan mai gyaran agogo ne.
Wasansa na fari mutum sha huɗu suka gani,
har da matar da ke binsa kuɗin haya.
Bai bari ba.
Ya yi ta rubutu har masu majigi suka zo
da jaka suna sallama a ƙofarsa.

Na buɗe, na rasa jirgin ƙasan da na saba haskawa.
Babu teku, babu gudu cikin ruwan sama.
Ɗaki ɗaya ne kawai, miji da mata da butar shayi,
kuma inda na san goge yana kuka a fim
shi kalma ɗaya ya rubuta: shiru.

Wannan shirun na san shi.
Ɗakinmu ɗaya ni da Lantana a Idi-Araba,
ran da aka sallame ni ta ɗora ruwa a risho,
ba ta tambaya ba, ban faɗa ba,
buta ce ta yi mana magana.
Babu wanda ya kaɗa mana goge.

Sau uku aka mai da wasan nan fim.
Na farko baƙi da fari, ya bar ƙofa a rufe rabin lokaci.
Na biyu mai launi, ya ƙara wa matar saurayi.
Na uku jikana Nafi'u ya nuna mini a waya,
muna maƙale a kan gada, direban danfo na zagin gabansa.
Sun kai mijin yaƙi. Sun ba shi bindiga.
Butar ma sun jefar.

Ban sani ba ko tsohon ya ji haushi
ko kuwa ya ƙirga kuɗinsa ya yi murmushi,
mai haya ai ba ta karɓar shiru.
Silimarmu yanzu sito ce ta tayoyi.
Littafin yana nan ƙarƙashin katifa,
idan an ɗauke wuta nakan kunna tocila
in koma ɗakin, in ja ƙofa,
in zauna da su har ruwan ya tafasa.