Rumbun Sanyi

Tabawa ta taso daga Deba ranar Laraba,
kuɗin mota ƙulle a haɓar zane.
Sau biyu na karanta mata takardar yarda.
Ta ce, "Yaro, ajiye karatun nan.
Faɗa mini da bakinka, ina jinin zai kwana?"

Na kai ta lungun da firji ke gurnani.
Ta taɓa murfin, ta janye hannu.
Na ce rumbu ne.
Ta ce, "A garinmu rumbu na mai gona ne.
Wannan fa, wa ke tsakuro daga ciki?"

Kowa, Iya. Duk mai neman sani.
Za mu cire sunanki, mu sa lamba,
mu karanta gadon da ke cikin ɗigon,
mu shanya shi inda duniya ke wucewa.

Ta yi shiru, har fanka ta gaji da juyi.
Jikoki uku ta rufe a bayan gari,
idanu rawaya, ƙashi na sara da damina.
Amosanin jini. Ba ta faɗi sunan cutar ba,
sunayen yaran ta jera:
Ladidi. Buba. Sai ƙaramin da bai kai yaye ba.

Ta miƙo hannu. "Ɗebi.
Amma in an samo maganin,
ta hanyar Deba zai dawo,
ko sai mun sayar da gonar wake mu bi shi?"
Na ɗaura igiya, na nemi jijiya,
domin jijiya ta fi amsa sauƙin samu.

Daren nan aka ɗauke wuta a Gombe.
Na ruga da tocila, ina roƙon janareta
kamar mai lallashin jaki a bakin rafi.
Mutum ɗari huɗu da sha bakwai ke ciki,
Tera kusa da Tangale, Bolewa, Waja, Fulani,
kafaɗa da kafaɗa cikin kwalabe,
babu mai gardamar iyakar gona.

Yau na duba kwamfuta.
An ɗauki layinta sau talatin da ɗaya,
daga biranen da ban iya furta sunansu ba.
Babu wanda ya ce mata sannu da hanya.

Gyaɗar da ta bar mini a leda
tana nan cikin aljihun farar riga.
Na kasa ci, na kasa bayarwa.