Naɗaɗɗiyar Murya

Shekara biyu kafin Baba Ilu ya rasu,
ƙanena Sagiru ya zaunar da shi a ɗakinmu na Gangare,
ya ɗauki hirarsa da tsohuwar kwamfuta:
awa uku kan haƙar kuza a Bukur,
da ranar da rami ya cinye masa yatsa ɗaya.

Kwamfutar ta mutu. Sagiru yana Fatakwal.
Fayil guda ya rage a hannuna.
Na zuba shi a waya, na danna,
ta ce ba ta san wannan ba.
Wayar da na saya da kuɗin buhun dankali huɗu
ta ce ba ta san ubana ba,
a kan idona, ba kunya.

Na bi masu gyara a Taminus layi-layi.
Wani ya ce in sayi sabuwa.
Wani ya hura ramin caja, ya karɓi ɗari biyar.
Sai mai sayar da kati ya nuna mini bene da haɓa:
hau ka nemi Kaneng, mai tabarau, ƙofar baya.

Ba ta ɗago kai ba sai da na gama.
Ta ce, murya faɗi gare ta kamar zanin gado,
ba ta shiga aljihu sai an naɗe.
Mai naɗewa da warwarewa shi ake ce wa kodek.
Akwai wanda kamfani ya danna wa kwaɗo, sai da lasisi.
Akwai wanda yake kamar rijiyar bakin hanya,
guga a rataye,
kowa ya ja, wanda ya iya ya gyara igiya.

Naka da na biyun aka naɗe shi.
Masu ƙera wayarka ne ba su koya mata ba.
Na ce, tsada ce?
Ta ce, kyauta ne, Malam.
Sun dai ɗauka ba mai tambaya.

Kwana uku ina hawa benen nan.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
wuta ta tafi, janareta ya yi tari ya tashi.
Tana bin layukan rubutun wasu mutane
da ba ta taɓa jin muryarsu ba,
tana ƙara nata a ƙasa,
shayinta ya huce, ya yi fata,
ni ina kan benci kamar mai jiran ɗakin tiyata,
ba abin da na gane sai motsin yatsunta da tsakinta
in abu ya ƙi tafiya.

Gwajin farko Baba ya fito da gudu,
siririn sauti, kamar ɗan tsako a cikin gwangwani.
Muka tuntsire.
Na yi ta share ido,
har na kasa sanin hawayen na mene ne.
Ta ce, yi haƙuri, lamba ɗaya na kuskure.
Ta goge, ta sake, ta miƙo mini waya.

Tarinsa ne ya fara isowa.
Sai ƙarar kujerar roba.
Sannan:
"Sagiru, abin ya fara ɗauka?
To rufe ƙofar nan, sanyi na shigowa."

Na zaro duk abin da ke aljihuna.
Ta cire kuɗin data da na mai, ta turo sauran.
Gyaran kuma, in ji ta, ta mayar inda ta ɗebo,
ko wani a wani gari
yana riƙe da nasa uban a naɗe,
ya rasa mai buɗe masa hanya.

Yanzu da dare nakan sa abin kunne,
in bi shi ramin Bukur, in fito da shi.
Na haddace inda yake dariya,
da inda ya manta sunan Baturen ma'auni.
Amma duk sa'ad da ya zo kan maganar ƙofa
sai na tashi na taɓa sakata,
ko da a rufe take tun jiya.