Kwalba Shida

Naira ɗari bakwai ce ƙulle a bakin zanena,
ita ma canjin sabulu ce.
Jibi Arzika zai bi motar albasa
daga nan Jega har Anacha,
kwana uku a bisa buhu, yana gadin kayan wani.
Wancan zuwan ya dawo wuya kamar mariƙin lema.
Ya ce, "Yaya Tumba, abincin hanya ba shi da laifi,
bakina ne bai gane shi ba."

Sai na nufi shagon Nomau mai kemis,
na roƙi abin da zai zubar:
'yan kwalaben maganin tarin yara,
masu murfi fari, tsawon ɗan yatsa.
Na cuɗe su da toka, na tafasa,
na kife a faifai suka sha rana
har warin asibiti ya fita.

A kasuwa ban tambayi mudu ba.
Tonka na ɗari biyu.
Citta na ɗari, busasshiya, mai ƙarar dutse.
Masoro na ɗari da hamsin.
Kanumfari kuwa, sarkin tsada,
ƙwaya goma sha tara mai tebur ya ƙirga mini
kamar yana biyan bashi.
Na tsaya, ban tafi ba, ban ce komai ba,
har kunya ta sa ya jefo kimba biyu gyara.

Daddawa a gidan Ige na samo,
na ba ta tsakin gero, ta ba ni ƙwallo uku.
Kuka tamu ce, ba a sayen abin da ke bayan ɗaki.

Bayan la'asar turmi ya ɗauka.
Ƙuli-ƙuli ya fara shiga, tonka ya bi shi,
na ɗaure hanci da gefen kallabi,
duk da haka akuyar maƙwabta ta yi atishawa.
Na tankaɗe, na sake dakawa, na tankaɗe.
Takardar lissafin ɗana na naɗe ta zama mazurari,
gari na gangara ta kan bakwai sau takwas.

Arzika bai yi nisa a boko ba,
don haka zare ya yi rubutun:
ja na yaji, baƙi na daddawa,
kore na kuka,
na kayan shayi ba zare, hanci ya isa.
A kwalbar gishiri na jefa ƙwayar shinkafa biyar,
an ce can iska ma jiƙaƙƙiya ce.
Ta shida, tafarnuwa, don sanyin dare.

Jaka fa? Aljihun tsohon wandon Baba,
wanda zif ɗinsa ya fi shi tsawon rai.
Na yanke, na dalmashe baki.
Duk shidan suka kwanta ciki ba ƙara,
kamar 'yan tsaki.

Kwana tara ya yi.
Ya ce a wani shinge bayan Kwantagora
mai bindiga ya zare jakar daga ƙugunsa,
ya zaci ƙwaya ce,
ya buɗe mai jan zare, ya ja numfashi da ƙarfi.
Sai da ya jingina da taya.
Da hawayen suka tsaya
ya miƙo ledar dafaffen ƙwansa, ya ce a barbaɗa.

Kwalba biyar sun dawo wayam.
Ta shida cike da wani gari ruwan ƙasa
mai ƙamshin kogin da ban taɓa gani ba.
Wata mai sayar da doya ce, in ji shi,
ta ɗanɗani daddawar Ige, ta yi shiru,
ta juye, ta zuba nata.

Direba na son jaka ɗaya.
Yaran wata mota, uku.
Wandunan Baba biyu suka rage,
Nomau kuma ya fara tambayar
me nake yi da kwalabe haka.