Faso

Kwana tara marka ba ta ɗauke ba a Nafaɗa.
Gongola ya batse,
turken goɗiyarmu ya koma caɓi.

Ina riƙe da ragama.
Bappa Gidado ya ɗora ƙafarta a cinya
kamar mai cire wa jika ƙaya.
Ya shinshina kofaton:
"Ruwa ya fara ci."

Wuƙarsa ta sha washi har ta rame.
Yana fiƙewa, ɓawo na zuba,
kare na tsincewa.
Toka mai ɗumi, sannan busasshen yashi.

"Da bazara, man kaɗe,
kada ya dare kamar ƙasar fadama."

Ya miƙe. Na dubi dugadugansa.
Duk faso.
Babu mai shafa musu komai.