Mai Hoto a Garin da Babu

Ni ne Eleuterio Cárcamo, mai hoton Tudun Barón.
Shekara arba'in da ɗaya ina farautar haske
a lungunan Valparaíso masu hawa da gangara.
Na ɗauki matuƙan jirgin ruwa ranar saukarsu,
na ɗauki 'yan makaranta da sabon aski,
har gawa an sa na ɗauka,
don ɗanta na Siwidin, bai samu zuwa ba.
Sai gwiwa ta ce ta gaji.
Matakala ɗari da sittin ne tsakanina da teku,
yau ko goma sai da nishi.

Jikata Maite ta jona baƙin akwati a talabijin,
ta miƙo mini abin latsawa, kamar ƙaguwa ta kife.
Ta ce, Kaka, ga takobi, kashe dodo ka ƙwaci gari.
Na ce, yarinya, ko kaza ban taɓa yankawa ba.
Ina maɓallin da ke tsayar da duniya?

Ta nuna mini.
Ruwan sama ya daskare a iska,
tsuntsu ya maƙale da fiffike ɗaya a sama,
ni kuwa na zagaya su a hankali, ba sanda,
ina neman inda inuwa ta fi kwanciya.

Dodon ya kashe ni sau goma sha bakwai a bakin gada guda,
don na tsaya jiran rana ta sauko bayan kafaɗarsa.
A na sha takwas na same shi,
baki buɗe, haske na ratsa kunnensa
ja wur, kamar na jinjiri.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Maite ta ɗora hoton a intanet da sunana.
Kwana biyu tsit.
Can wani yaro ya rubuto:
Tsoho, wannan zanen wasu ne, kai dai latsawa ka yi.
Na ce ta mayar masa:
Tekun ma ba ni na zuba shi ba,
amma kakarka ta biya ni na ɗauke ta a gabansa.

Daga nan sai saƙon Ragnhild, daga Tromsø,
garin da aka ce rana kan yi wata biyu ba ta leƙo ba.
Ta ce akwai benci a wasan, bayan hasumiyar ƙararrawa,
ƙarƙashin fitila mai ƙyaftawa.
Nan ƙanenta ke ajiye mutuminsa kowane dare
kafin ya kashe na'ura.
Bara ya rasu.
Ta ce, na sayi wasan, hannuna ya ƙi shiga.
Ko za ka je mini?

Dare uku na yi a hanya.
Na ɓata a kurmi, na faɗa rijiya,
'yan fashi suka raba ni da takalman ƙarfe.
Na isa, hadari ya haɗo.
Na jira.
Mai hoto ba ya gardama da sama,
ko da saman ta injiniya ce.

Da ya ɗauke, bencin na jiƙe,
fitila ta faɗa cikin ɗan kududdufi,
ba kowa a kai.
Na ja mutumina gefe kada inuwarsa ta shiga,
na matsa hagu taku biyu,
na bar wuri a dama, daidai zaman mutum ɗaya.
Na latsa.

Ba warin ruwan wankin hoto, ba jan ƙwan ɗakin duhu,
ba igiyar shanya.
Maite ta aika tana hamma.

Amsa ta zo da asuba, layi ɗaya:
A daman yake zama. Wa ya gaya maka?

Ba wanda ya gaya mini.
Can ƙasa jirgin dakon kaya na busa ƙaho,
shayina ya huce a kan taga,
gwiwa na zugi.
Na tashi Maite, na ce ta nuna mini
yadda ake komawa gadar nan.
Kunnen dodon na hagu ban same shi daidai ba.