Kwalabe Huɗu Ba Suna

Kwalabe huɗu na jera a gindin bedi:
ruwan famfo, man gyaɗa, zuma, ruwan kuɓewa.
Ƙwallon boris na roƙo wurin Ɗan Tanin mai gyaran keke,
ya ce in na ci kyauta kada in wuce shi kamar ban san shi ba.

Na saki ƙwallo cikin ruwa,
kafin in ce ɗaya ya taɓa ƙasa.
Cikin mai ya yi tafiyar alhajin da ya ƙoshi.
Kuɓewa ta riƙe masa riga, ta sake shi.
Zuma kuwa,
na ƙirga, na ƙirga,
arba'in da biyu kafin ya sauka.

Mushe Laminu ya duba, ya ce aiki ya yi,
amma farin kwali ba ya shiga gasa.
"Jibi, Sahura, ki zo da suna."

Jariri ma kwana bakwai ake ba shi.
Ni biyu aka ba ni,
ba rago, ba liman, ba mai raɗa mini a kunne.

Yayana Bawale ya ce in sa na Faransanci,
wata kalma mai maƙalewa a haƙori.
Sau uku na gwada ta a baki,
ta fi zumar wuyar fita.
Uwani ta ce Tseren Kwalabe.
Na ce kwalabe suna nan inda na aje su.
Na rubuta Kauri, na goge, sai ka ce kunu nake talla.
Na rubuta Danƙo, na goge.
Yauƙi kuwa Bawale ya yi dariya har ya ƙware.

Inna tana matsar tunkuza, mai na bin yatsunta,
ba ta ko ɗago kai ba.
"Wace zumar kika auna,
ta safe ko ta rana?"

Na ce zuma ai zuma ce.
Ta ce to.

Da azahar, lokacin da ƙasar Mokoyo ke ƙona tafin ƙafa,
na ɗora kwalbar bisa kwanon ɗaki,
na jira, na sauko da ita da bakin zane.
Na saki ƙwallo.
Goma sha ɗaya.
Na sake. Goma sha ɗaya.

Arba'in da biyun da na rubuta da jan biro,
na ja masa layi biyu a ƙasa,
ya tsaya yana kallona.

Daren nan ban goge shi ba.
Na buɗe sabon gida kusa da shi a takarda,
na ɗauko kwali, na jiƙa alli da miyau,
na rubuta manya-manya:
ZUMAR SAFE DA ZUMAR RANA.

A ƙasa, inda ake sa sunan mai aiki,
na sa Sahura Abarshi,
na bar fili kaɗan,
na tambayi Inna yadda ake rubuta nata.
Ta ce ita ba ta shiga lakwal ba,
in miƙo mata kwalba, mai na zuba.