Mai Goge Allo a Ɗaki na Sha Huɗu

Ƙarfe tara na dare ɗalibai ke watsewa,
su bar min ɓawon lemo da kofunan kofi
a ƙarƙashin kujeru.
Ni ne Evaristo, ni ke shiga a ƙarshe
da bokiti da tsumma da tsintsiya.

Ranar Talata ta Farfesa Oyarzún ce.
An manna sunan darasinta a ƙofa:
Yanayin Kasuwancin Duniya.
Ba ta goge allo, cike take bar min shi,
ga Shanghai, ga Rotterdam, ga mu nan Valparaíso,
ɗigo ɗaya kamar kashin ƙuda a bakin teku,
tsakaninsu ta ja doguwar jar kibiya.

Na san nauyin wannan kibiyar.
Shekara ashirin da shida na ɗauke ta a kafaɗa
can gangare, a tashar jiragen ruwa:
buhunan garin kifi, akwatunan inabi,
tagulla mai sanyi kamar hannun gawa.
Buɗe tafina ka gani, har yau da sawun igiya.

Sai aka kafa injin ɗaga kaya mai wuyan raƙumin dawa,
mutum ɗaya a sama yana danna maɓalli
yana cinye aikin mu arba'in.
A allo sunan abin "ingantuwar aiki",
har da layi biyu a ƙarƙashinsa.
A gidana Zunilda ta raɗa masa nata sunan:
"Yau ma babu nama a tukunya."

Ban ƙi matar ba, tana gaishe ni da sunana.
Wani dare ta manta laima, ta dawo,
ta tarar da ni tsaye, tsumma na ɗiga a takalmina,
ina karanta yadda dala ke hawa
in wani banki a arewa ya yi tari.
Ta ce, "Don Evaristo, ka gane kuwa?"
Na ce, "Malama, jiki magayi.
Na gane tun ranar da kuɗin burodi ya fi ƙarfin aljihuna,
abin da ban sani ba shi ne yana da suna."
Ta daɗe tana kallona, babu dariya.

Jikata Maite a layi na uku take zama,
kusa da tagar da ake hango fitilun jirage.
Kuɗin karatunta bashi ne, ni na sa hannu.
Zangon farko, in mun haɗu a matakala
sai ta duƙa tana neman wani abu a jaka.
Ban yi fushi ba.
Ni ma na yi ƙuruciya, na san kunya.

Ran Lahadi ta hau tudu ta zo gida
da littafi a hannu, ta zauna bakin gado,
ta ce in faɗa mata sunayen arba'in ɗin nan.
Na kawo Belisario, na kawo Nibaldo gurgu,
na kawo 'yan'uwan Catrileo su uku,
a talatin da ɗaya na tsaya cik.
Tara sun faɗa min a rijiya.

Ta sa su duka a aikin da aka ba su,
a ƙarƙashin tambayar wa ke ci, wa ke biya
in kaya ya tsallaka teku.
Ta bar layi tara babu komai.
Shida da rabi ta samu cikin bakwai,
da rubutun Farfesa a gefe da jan biro:
"Zo da kakanki aji, akwai tambaya."

Ban je ba tukuna.
Rigata mai kyau tana wurin tela,
kuma me zan ce wa yara masu Turanci a baki?

Yanzu dai aiki.
Nakan fara da Shanghai, in share Rotterdam,
in bi kibiyar da tsumma daga kai har gindi,
ɗigon nan namu nake bari ƙarshe.
Sai in kashe fitila, in ja ƙofa da sauri,
motar ƙarshe mai hawa tudu ba ta jira,
kuma gwiwata ba ta jin magiya.